Wasiƙa daga Shrewsbury: laburare, gwanjon littattafai da masu musu kan kisan da aka yi shekara 900 baya

Yaya, assalamu alaikum. Ina fata kin wuni lafiya, ke da Umma da yara. Kin tambaye ni me nake yi da kaina idan na tashi daga aiki a wannan sanyi da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu. Karatu na koma, kamar lokacin da muke zuwa wajen mai hayar littafi a bakin layinmu, mu ba shi naira goma mu dawo masa da shi gobe.

A nan Shrewsbury, a ƙasar Ingila, babu haya. Na shiga laburaren gari da takardar da ke nuna adireshina, aka ba ni kati nan take, ko sisi ban biya ba. Ana ɗaukar littafi har mako uku, in ba ki gama ba ki sabunta ta waya. Dokar ƙasar ta 1964 ce ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin tanadar laburare ga jama'a. Ginin kansa tsohuwar makaranta ce, a ciki masanin kimiyyar halittu Charles Darwin ya yi karatu, ga gunkinsa nan zaune a ƙofa. Akwai littattafai masu manyan baƙaƙe domin tsofaffi, akwai waɗanda aka naɗa a murya domin makafi. Na tuna Baba, Allah Ya jiƙansa, da yadda muke karanta masa jarida bayan idonsa ya yi rauni.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, duk aron da aka yi, marubucin yana samun 'yan kwabbai daga gwamnati, bisa wata doka ta 1979, kuma kuɗin kan kai fam 6,600 a shekara ga wanda ake yawan aron littattafansa. Ki faɗa wa Auta wannan, ita da take kwana rubutu, ta sayar da babi a WhatsApp, kafin gari ya waye an tura shi gida ɗari kyauta. Sabon littafi a shago kuwa da tsada, kusan fam 10, amma a shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji ina samun wanda aka karanta sau ɗaya a kan fam 1 ko 2.

A can na tsinci wani nau'in labari da ban taɓa gani a gida ba: binciken kisan kai, amma a zamanin da can, kafin bindiga da 'yan sanda. Mutanen garin nan suna ji da shi domin nasu ne. Wata mata 'yar yankin, Edith Pargeter, wadda ta yi rubutu da sunan Ellis Peters, ta rubuta littattafai 20 tsakanin 1977 da 1994 a kan Cadfael, wani mai zaman zuhudu a gidan ibadar Kiristoci na Shrewsbury, mai kula da lambun magunguna. Labaran suna faruwa ne a lokacin yaƙin gadon sarauta tsakanin Sarki Stephen da 'yar'uwarsa Matilda. A 1138 Stephen ya ci ganuwar garin ya sa aka rataye mutum 94, wannan tarihi ne. Sai marubuciyar ta ƙara gawa ɗaya: Cadfael ya je haɗa su domin binnewa, ya ƙirga ya ga 95.

Sau ɗaya a wata akan zauna a laburare, mu kamar goma sha biyu, da shayi da biskit, kowa ya faɗi ra'ayinsa kan littafin da aka ɗauka a watan. Yaya, ba ki ga musu ba. Wani tsoho da ya koyar da tarihi ya ce Cadfael mutumin zamaninmu ne aka sa wa rigar da, tausayinsa ya yi yawa, ba haka mutanen ƙarni na 12 suke kallon mai laifi ba. Wata tsohuwar nas ta ce ita wannan tausayin ne ma yake dawo da ita, ta gaji da labaran da ake yanka mutane shafi bayan shafi. Wata kuma ta koka cewa in ka karanta biyar ka san sauran: kullum akwai saurayi da aka ɗora wa sharri, da budurwar da ta tsaya masa, kuma a ƙarshe za su yi aure. Da ta faɗi haka na ce mata a garinmu wannan shi ne abin da mai karatu ya biya kuɗinsa domin ya samu. Watan da aka ɗauki littafin marubucin Italiya Umberto Eco na 1980, wanda ya kai labarinsa wani gidan zuhudu a Italiya a 1327, rabinmu ba su wuce shafi 100 na farko ba saboda Latin da muhawarar addini, sauran rabin suka rantse babu kamarsa.

Ni ra'ayina yana wajen nas ɗin, amma da wani dalili dabam. Cadfael ba shi da na'ura. Yana duba ganyen da ya maƙale a rigar mamaci ya san a wane gefen Kogin Severn aka kashe shi, yana shinshina mai ya gane guba ce. Ai wannan masu bin sawu ne na ƙauyen su Kaka, da mai maganin gargajiya da ya san kowane saiwa. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai, na kuma faɗa musu: kafin ya shiga zuhudu ya yi yaƙin Salibi har Ƙudus, kuma littattafan ba su tsaya sosai kan jinin Musulmi da aka zubar a 1099 ba, ko da yake an nuna ya ƙaunaci wata Musulma a Antakiya har suka haifi ɗa. Sun saurare ni da kyau, tsohon malamin ya ce gaskiyata ce.

Ran Asabar na je gidan ibadar. An gina shi a 1083, Sarki Henry na 8 ya rufe shi a 1540, ɗan abin da ya rage ne ake amfani da shi a matsayin coci. Duk da haka baƙi na zuwa saboda mutumin da bai taɓa rayuwa ba. Ina tsaye a wurin sai ganuwar Kano ta faɗo mini, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa kusan zamani ɗaya da wannan gini. Muna da Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, da Kasuwar Kurmi, da fatake daga Agadas, da Al-Magili yana rubuta wa sarki yadda ake shari'a. A tsinci gawar wani fatake a rijiyar marina, a ce wani almajirin alƙali ya gano wanda ya yi: wa zai ajiye wannan littafi? Ki karanta wa Auta wannan sakin layi sau biyu.

Na saya mata littattafan Cadfael guda huɗu a gwanjo, zan bayar a kawo bayan salla tare da maganin ƙafar Umma. Ke kuma ki nemo mini Magana Jari Ce, duka ukun, da kuka da daddawa. Mutanen zaman namu sun ce in kawo musu labari daga gida a watan Maris, kuma na amsa.

Ki gaishe da kowa da kowa.