Fitilar kashe ƙwayoyin cuta da aka saka mana a cikin esi

Tun da na yi ritaya daga aikin jinya nake riƙe da wani ɗan asibitin kuɗi a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Ɗakin jira ɗaya gare mu, da esi irin mai rabi a ciki rabi a waje, wanda sai rana ta take sola ke iya ɗaukarsa. Idan zafi ya kankama, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, ƙyanda kan leƙo mu, ɗakin ya cika da uwaye da goyo. Shi ya sa da wani matashi mai gyaran esi ya zo daga Kano da tallar fitilar UV, mai hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta, da ake ɗaurawa a cikin na'urar, na ce ya saka.

Aikin hannunsa ba abin kushewa. Ya kwance murfin, ya wanke ragar, ya kankare baƙin fumfunar da ta kama ƙarafan sanyi, sannan ya haɗa wayar yadda da an ɗaga murfi fitilar za ta mutu. Ya kuma ja kunnen yaron da ke mana shara kada ya kuskura ya leƙa ta tana ci, domin haskenta na ƙona ido da fata. Warin ruma da ke tashi da an kunna esi ya ɓace, bai dawo ba har yau, kuma fitilar ba ta cin batir. Kuɗin dai ya kai na buhun gero.

Inda muka rabu da shi, maganar da ya yi yana tattara kayansa. "Hajiya, duk iskar da ta bi ta nan ta fito tas, ko korona ce." Na ce, "Ɗan nan, a hankali dai."

Gaskiya ne hasken, mai tsawon zango nanomita 254, yana lalata ƙwayar halittar bairos. Amma sai ya daɗe a kanta. Fumfuna tana zaune wuri ɗaya dare da rana, dole ta mutu. Ita kuwa iska wucewa take yi fuu, ko daƙiƙa ɗaya ba ta yi a gaban 'yar fitilar da ba ta fi tsawon tafin hannu ba. Ga kuma ƙurarmu. Da hunturu ya shigo na sa aka buɗe, gilashin fitilar ya yi fururu, kuma ƙura tana tare hasken. Wani abin da bai faɗa min ba sai da na tambaya: irin wannan fitila ƙarfinta na raguwa bayan kamar awa 9,000, alhali tana ci gaba da ba da shuɗin haskenta, mutum ya zaci lafiya lau take.

Babbar damuwata ma ba fitilar ba ce, esin ne kansa. Irin namu ba ya jawo iskar waje, ta cikin ɗaki yake juyawa. Kafin ya yi sanyi sai an rufe taga da ƙofa, ita kuwa ƙwayar ƙyanda tana iya kaiwa awa 2 a cikin iskar ɗaki bayan mai ita ya fita. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagoranta na 2009, ta ce ɗakin ganin marasa lafiya yana buƙatar lita 60 ta sabuwar iska a kowace daƙiƙa ga kowane majinyaci. Esi a rufaffen ɗaki ko lita ɗaya ba ya kawowa. Gwajin da wani masani, William Wells, ya yi a makarantun yankin Filadelfiya ta Amurka tun daga 1937, wanda ya rage yaɗuwar ƙyanda, fitilun UV ne aka rataya can sama suna haska iskar da ke kusa da rufi duk yini. Wannan wani tsari ne daban, kuma yana son rufi mai tsayi, namu kuwa dogon mutum na taɓa silin.

Yanzu idan aka kawo yaro da zazzaɓi da jan ido da ƙuraje, ba ya shiga ɗakin jira. A rumfar waje nake duba shi, ƙarƙashin darbejiya. Ranar da ɗaki ya cika a kashe esi, a wangale tagogin gabas da yamma, a kunna fanka tana fuskantar waje. Uwaye na ƙorafin zafi, ni kuma ina karɓar katin rigakafi ina duba ko an yi allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15.

Mai kemis ko ofis da warin esi ya dame shi, ya kira irin wannan mai gyaran esin, zai ji daɗin aikin. Ni ma na ce ya dawo bayan damina ya sake wankewa, ya zo da sabon ƙwan fitila, kuma ya tabbata ba irin mai fitar da iskar ozon, mai cutar da huhu, ba ne, don masu asma suna da yawa a cikin masu zuwa wurinmu.