Signal ko WhatsApp: wacce ta fi riƙe sirri?

Na koma amfani da manhajar Signal a watan Janairun 2021, lokacin da WhatsApp ta sanar da sabbin sharuɗɗanta na sirri, kuma har yau ita nake buɗewa idan magana ta shafi lafiyar iyalina ko takardun aiki.

Da yawa ba su san cewa makullin da ke kare saƙonni a manhajojin biyu iri ɗaya ne ba, domin tun 2016 WhatsApp ta gama ɗora tsarin kulle saƙo na Signal, wanda ba ya buɗuwa sai a wayar mai aikawa da ta mai karɓa. Inda suka rabu shi ne, Signal ta baje rubutun da aka gina ta da shi a fili, duk masanin da ya ga dama zai iya bin sa layi-layi ya duba ko an bar wata kafa, alhali na WhatsApp a rufe yake, sai dai mutum ya amince da abin da Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp, ya faɗa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bayanan da ke kewaye da saƙon, irin su lambar waya, nau'in wayar, da lokutan da mutum ke shiga, waɗanda WhatsApp ke tattarawa kamar yadda sharuɗɗanta suka nuna. A 2016, da hukumomin shari'a na Amurka suka nemi bayanan wani asusu daga Signal, abin da aka samu kawai shi ne ranar buɗe asusun da ranar da ya shiga na ƙarshe. Gidauniya ce ke tafiyar da Signal tun 2018, ba da kuɗin talla take rayuwa ba.

Signal ma tana da nata rauni. Sai da lambar waya ake rajista, ko da yake tun 2024 ana iya ɓoye lambar a ba mutane sunan laƙabi. Haka kuma abokan hulɗata da ke cikinta ba su kai goma ba, shi ya sa ban goge WhatsApp ba, amma na kunna kullen ajiyar saƙonninta (kwafin hirarrakin da ake adanawa a intanet) da kaina, tunda ba ya zuwa a kunne.

Mai tunanin Telegram kuwa ya lura cewa hirar yau da kullum da ta zaure ba su da wannan makulli, sai hirar sirri tsakanin mutum biyu.