ND a OTM ko asoshiyet digiri na Amurka ta intanet?

Salam 'yan gida. Ƙanwata da kika yi tambaya jiya da daddare, kin ce kin ga tallar asoshiyet digiri na aikin ofis daga wata kwaleji a Amurka da ake yi ta intanet, shi za ki yi ko ki nemi ND (difloma ta ƙasa) a OTM (kwas ɗin aikin ofis) a poli, to bari in ba ki amsa tunda OTM ɗin na karanta kuma da shi nake cin abinci a nan Jos.

Wajen karatu kusan ɗaya suke. Kowanne shekara 2 ne, nasu na can kiredit (makin kwasa-kwasai) wajen 60 ake haɗawa. Buga takarda da sauri, Word da Excel, rubuta wasiƙar ofis, ajiye fayil, ɗaukan bayanin mitin, ɗan lissafin kuɗi, duk za ki gamu da su ko ta ina kika bi. OTM ai shi ne kwas ɗin sakatariya na da aka canja wa suna.

Inda suka rabu shi ne takardar. ND hukumar NBTE da ke Kaduna ke kula da ita, duk ofishin da kika miƙa ta a Jos ko Abuja sun san mece ce ba sai kin yi dogon bayani ba, kuma in kin gama ki yi IT (horon aiki) na shekara 1 ki koma HND (babbar difloma) shekara 2 har ki tafi bautar ƙasa. Ita ta waje kuwa sai kin kai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja an tantance ta, kuma in makarantar ba ta da rajista a can ƙasarsu to dalolinki sun tafi kenan. Ga kuɗin makaranta da dala, ga data, ga wuta da ba ta zama.

Abin da ya fi damuna da na intanet ma shi ne rashin SIWES, wato horon aiki na ɗalibai. Bayan ND 1 ana tura ki wata 4 a ofis na gaske, hukumar horar da ma'aikata ta ITF ce ke kula da shirin, hedkwatarsu ma nan take a titin Miango. Wallahi a watanni huɗun nan na koyi yadda ake tarbar baƙo ya zo a fusace yana neman oga, yadda ake sanin wace wasiƙa za ta shiga yau wacce za ta jira, da riƙe sirrin ofis. Wannan ba ya koyuwa a bidiyo, kuma matar da na zauna ƙarƙashinta ita ta fara yi min hanyar aiki.

Ban ce na Amurka ba shi da amfani ba fa. In kina da niyyar fita waje ana iya lissafa miki kiredit ɗin ki ƙarasa cikakken digiri, kuma mai aure da yara za ta yi a gida da lokacinta. Poli ma tana da nata matsalolin, inda na yi mu uku muke layin kwamfuta ɗaya, sai da na haɗa da zuwa shagon kwamfuta a Terminus da yamma kafin hannuna ya faɗa.

Amma tunda kin ce a nan za ki zauna ki yi aiki, ni dai ND zan ce ki yi. Ki tabbata kina da kiredit 5 a jarrabawar gama sakandare har da Turanci da Lissafi, ki yanki fom ɗin JAMB, ki duba poli ta jiha da ke Barikin Ladi tunda ita ce kusa da ke.