Ƴar rediyon Alƙur'ani mai memori, ra'ayin mai sikila

Masu tambaya ko ƴar rediyon nan ta Alƙur'ani mai cin memori ta cancanci kuɗinta, ni dai na ce eh, musamman ga wanda ciwo ke yawan kwantarwa. Ni SS ce, kuma duk mai sikila ya san abin da hunturu yake mana, ciwon ƙashi ya taso da tsakar dare kamar ana sara da gatari, ka sha folic acid ka sha hydroxyurea ka ɗirki ruwa amma jikin ya ƙi lafawa, wallahi akwai lokacin da na dinga roƙon Allah Ya ɗauki raina in huta, wayar kowa ma na daina ɗagawa.

A wannan halin gwaggona ta kawo min ƴar rediyon. Ƴar mitsitsiya ce, batirinta irin na tsohuwar Nokia, in ta cika da caji tana kai ni asuba ko babu wuta, kuma ba ruwanka da data ko hasken allo mai sa ciwon kai. Lambar sura kawai za ka danna. 21 na fi dannawa, Suratul Anbiya, saboda addu'ar Annabi Ayyuba a aya ta 83, inda ya ce cuta ta shafe shi kuma Allah ne mafi rahamar masu rahama. Da muryar Minshawi nake ji, in ya zo wurin sai hawaye, amma ba irin na da ba, wannan yana sauke nauyin ƙirji.

Memorin da ta zo da shi ƙira'a ce zalla babu fassara, sai da ƙanena ya kai wa masu turi a kasuwa suka zuba min tafsirin marigayi Sheikh Ja'afar da wasu karatuttukan hadisi. A ciki na ji hadisin Anas da ke Bukhari da Muslim, cewa kada ɗayanmu ya yi fatan mutuwa don wata cuta da ta same shi, in ya zama dole ya ce Allah Ka raya ni matuƙar rayuwa ce alheri gare ni, Ka karɓi raina in mutuwa ce alheri. Ashe Manzon Allah (SAW) ya san ana kaiwa wannan gaɓar har ya bar mana abin faɗa. Wannan addu'ar nake yi yanzu, kuma bayan nan ne na iya buɗe baki na gaya wa likitana da Umma abin da ke raina, aka haɗa ni da ƴan uwa masu sikila da muke zumunci.

Aibun rediyon kuwa, in ka ƙure murya tana kwarmato, lambobin ƙanana ne ga mai raunin ido, ramin cajin kuma saurin sakwarkwacewa yake. A gwada ta a shagon kafin a biya, a haɗa da batiri na biyu saboda kwanan asibiti.