Masarautar Hyrule a Wasan Breath of the Wild: Ko Ya Cancanci Kuɗinsa?

Yawancin samarinmu na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi, Ghana, sun san wasan bidiyo ne ta hanyar ƙwallon ƙafa, domin shi ake bugawa a shagunan wasa na unguwa, mutum ya biya kuɗin zagaye, ya ci ko a ci shi, ya tashi ya ba wani wuri. Saboda haka idan yaro ya dame mahaifinsa da roƙon a saya masa na'urar Nintendo Switch da wasan da ake kira The Legend of Zelda: Breath of the Wild, uban yana da gaskiya idan ya tambaya mene ne a ciki da har za a kashe kuɗi mai yawa a kansa. Na buga wasan har ƙarshe, kuma ra'ayina shi ne ya cancanci kuɗinsa, amma ba don faɗace-faɗacen da ke cikinsa ba. Darajarsa tana ga ƙasar da aka gina a ciki, wato masarautar Hyrule, da yadda aka binne tarihinta a cikin tuddai da hanyoyi da kufai, ta yadda sai mutum ya taka da ƙafarsa kafin ya fahimci abin da ya faru.

Kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a Japan ne ya fitar da wasan ranar 3 ga Maris, 2017, ƙarƙashin jagorancin Hidemaro Fujibayashi da Eiji Aonuma, ko da yake jerin wasannin Zelda ya faro tun 1986 a hannun Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka. Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Wani jarumi mai suna Link ya farka daga barcin shekara 100 bai tuna komai ba, ya tarar masarautar da yake yi wa hidima ta rushe, wani mugun abu mai suna Ganon ya mamaye fada, gimbiya Zelda kuwa tana can ciki ita kaɗai tana riƙe da shi don kada ya fito ya ƙarasa ɓarnar.

Ana fara wasan ne a kan wani babban tudu mai faɗi da ke kudu maso yammacin tsakiyar ƙasar, kuma da zarar mutum ya fito daga kogon da ya farka, sai a nuna masa kusan dukkan masarautar a gabansa: fada can nesa, dutse mai aman wuta a arewa maso gabas, da wasu tagwayen duwatsu da suka rabu biyu a gabas. Abin da ya bambanta wannan wasa da takwarorinsa shi ne duk abin da ido ya hango, ƙafa tana iya kaiwa gare shi. Ba a ba mutum taswira a kammale. Akwai hasumiyoyi 15 a warwatse, sai ya hau kowace ɗaya kafin taswirar yankinta ta bayyana, kuma ko ta bayyana ba ta nuna masa inda dukiya ko haɗari yake, sai dai ya tsaya a ƙololuwa ya duba da idonsa ya sa alama. Fujibayashi ya bayyana cewa da taswirar Kyoto suka auna nisan wurare lokacin da suke tsara ƙasar, kuma ina ganin shi ya sa tafiya a cikinta take da nauyin tafiya ta gaske, ba ta yi gajarta har ta zama wasan yara ba, ba ta kuma yi tsawon da zai gundure mutum ba.

Tsarin ƙasar yana da hankali. Fili mai ciyawa yana tsakiya tare da fada da babban birni, sauran al'ummomi kuwa kowace tana gefen da ya dace da halittarta. Zora, mutanen ruwa, suna gabas a yankin Lanayru inda koguna suke gangarowa. Goron, masu cin duwatsu da haƙar ma'adinai, suna jikin dutsen mai aman wuta. Rito masu fukafukai suna arewa maso yamma kusa da tsaunukan Hebra masu ƙanƙara, Gerudo kuma suna hamadar kudu maso yamma. Yanayin kowane wuri yana tilasta wa matafiyi ya yi shiri: a hamada rana tana ƙuna, dare kuma yana da sanyi mai cutarwa, a Hebra sai da tufafi masu kauri ko abinci mai barkono, a kusa da wuta kuwa baka da garkuwar itace suna kamawa da wuta a bayan mutum. Idan hadari ya taso a dazuzzukan Faron na kudu kuma kana rataye da takobin ƙarfe, tsawa za ta neme ka. Yaron da ya buga wannan wasa zai fahimci dalilin da ya sa ƙasa take tsara rayuwar mutanenta fiye da yadda zai fahimta daga haddar sunayen duwatsu a aji.

Amma inda wasan ya fi burge ni shi ne yadda yake ba da tarihi ba tare da ya zaunar da mutum ya yi masa lacca ba. Dubi hanyar da ta tashi daga tudun farko ta nufi gabas. Za ka wuce kufan barikin sojoji, ka tsallaka gada, ka ratsa tsakanin tagwayen duwatsun nan, sannan ka faɗo wani fili da ake kira Blatchery, wanda yake cike da gawarwakin injunan yaƙi masu ƙafafu, gansakuka ta rufe su, wasu sun nutse rabi a laka. A ƙarshen filin akwai ganuwar Hateno, ta tsattsage amma tana tsaye, kuma a bayanta akwai ƙauyen Hateno da gonakinsa da shagon rini da yara suna guje-guje. Ba sai wani ya faɗa maka ba, ka san a nan aka tare yaƙin, kuma wannan ganuwa ce ta sa ƙauyen ya tsira. Sai ka je can arewa maso gabas, yankin Akkala, ka ga babbar ganuwa a kan tsauni da bindigoginta na igwa, inda ragowar dakarun masarautar suka yi tsayuwar ƙarshe aka gama da su. Wuri ɗaya ya tsira, ɗaya ya faɗi, kuma bambancin yana rubuce a jikin ƙasa. Tsakiyar masarautar, inda da can arziki da mulki suke, yanzu ita ce mafi haɗari, ba a samun kowa sai kango da injunan da har yanzu suke sintiri.

Tushen bala'in ma darasi ne. An ce shekaru 10,000 da suka wuce, wata ƙabila mai fasaha da ake kira Sheikah ta ƙera waɗannan injuna tare da wasu manya guda 4 masu siffar giwa da ƙadangare da tsuntsu da raƙumi, aka yi amfani da su aka ci Ganon da yaƙi. Daga baya sarkin wancan zamani ya ji tsoron ilimin nasu, ya sa aka binne kayan aka kore su, wasunsu suka haƙura suka koma noma a ƙauyen Kakariko, wasu kuma suka ƙullaci gidan sarauta suka zama 'yan Yiga masu goyon bayan Ganon. Da aka yi hasashen dawowar masifar, sarki Rhoam ya sa aka tono injunan ba tare da an gama fahimtar su ba, Ganon ya dawo ya ƙwace su ya juya su kan masu su. Wato makamin da aka dogara da shi ne ya rusa birnin.

Akwai kuma wata dabara da ban ga irinta a wani wasa ba, wadda duk mai sha'awar tarihin baka zai yaba. Kowace al'umma tana tuna abin da ya faru gwargwadon tsawon ranta. Zora suna da tsawon rai ƙwarai, don haka dattawansu sun san Link ido da ido, wasunsu ma suna riƙe da shi a zuci saboda mutuwar gimbiyarsu Mipha, kuma sun sassaƙa tarihinsu a kan allunan dutse da ke kewaye da garinsu. A wurin Rito kuwa abin ya riga ya zama labarin kaka da kakanni, sai wani mawaƙinsu mai suna Kass da yake yawo da waƙoƙin da ya gada daga malaminsa. Gerudo sun adana nasu ta hanyar gadon sarauta, tsohuwa Impa ta Kakariko kuma ita ce shaidar gani da ido da ta rage a cikin 'yan tsiraru. Mai wasa yakan ji labari guda daga bakuna daban-daban, ya haɗa da abin da ya gani a kufai da abin da ya karanta a littafin sirrin sarki da na gimbiya a cikin fada, sannan ya yanke hukunci da kansa.

Wanda ya taso a zangon Kumasi ba zai rasa jin wani abu a ransa ba idan ya kai ga labarin garin Tarrey. Wani magini mai suna Hudson ne ya je wani tsibirin dutse a tsakiyar tafki a Akkala don ya kafa gari daga babu, mai wasa yana kawo masa itace yana kuma nemo masa mutane: mai fasa dutse daga Goron, maɗinkiya daga Gerudo, ɗan kasuwa daga Rito, mai ɗaura aure daga Zora, har aka kai ga bikin Hudson da maɗinkiyar. Haka kakanninmu suka yi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa babbar kasuwar goro, fatake da malamai da masu sana'a suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra, ƙabilu daban-daban suka zauna wuri ɗaya suka yi auratayya. A ganina wannan ɗan aiki na gefe, wanda mutum zai iya gama wasan bai ma san da shi ba, ya fi faɗan ƙarshe da Ganon ma'ana.

Duk da haka akwai gibi. Tsakanin shekaru 10,000 da shekaru 100 da suka wuce babu komai, ba jerin sarakuna, ba labarin yadda masarautar take samun kuɗin shiga ko yadda take hulɗa da Gerudo da Zora a lokacin zaman lafiya. Ƙauyukan ma ƙanana ne ƙwarai idan aka kwatanta da faɗin ƙasar. Tunanin Link na baya yana dawowa ne gutsure-gutsure idan ya gano wuraren da ke cikin wasu hotuna 12, kuma tunda ba a jere ake samun su ba, mai gaggawa zai iya kai ƙarshe bai san dalilin baƙin cikin Zelda ba. Ɗakunan gwaji 120 da ke warwatse suna da wasannin wasa ƙwaƙwalwa masu kyau, amma cikinsu duk kama ɗaya ne, haka ma cikin manyan injunan huɗu. Makamai suna karyewa da wuri, ruwan sama kuma yana hana hawan dutse, sai mutum ya tsaya yana jira. Na saba da na farkon, amma na biyun har yanzu ina ganin ɓata lokaci ne.

Akwai abubuwan da ya wajaba iyaye Musulmi su sani kafin su saya. Ana ƙara wa Link ƙarfi ne ta hanyar tsayawa gaban gunkin wata allahiya mai suna Hylia, kuma a rubutun Turancin wasan addu'a aka kira wannan tsayuwa. A garin Gerudo kuma ba a barin maza su shiga, don haka dole Link ya sa kayan mata ya yi shigar burtu. Babu zubar da jini ko batsa a fili, kuma a Turai an sa masa shekara 12 zuwa sama, amma ina ganin bai kamata a miƙa wa ƙaramin yaro a juya baya ba, gara babba ya zauna da shi ya bayyana masa cewa wannan tatsuniya ce ta mutanen da aƙidarsu ba tamu ba. Babu Hausa ko Larabci a cikin harsunan wasan, sai Turanci da Faransanci da wasu, kuma tunda yawancin tarihin a rubuce yake, wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba zai rasa rabin daɗin.

Ta fuskar amfani a nan Kumasi, wasan ba ya buƙatar intanet idan an sayi na ɗan katin da ake sakawa, kuma ana iya tsayar da shi a kowane lokaci idan an kira salla, a dawo a ci gaba daga inda aka tsaya. Idan aka ɗauke wuta, tsohuwar Switch ta 2017 tana riƙe caji kusan awa 3 a kan wannan wasa, wadda aka gyara a 2019 kuwa tana kai awa 5 da rabi, saboda haka mai sayen ta hannu a Adum ya tambayi wace ce, ya kuma gwada sandunan sarrafawa a gaban mai shago, domin an san su da matsalar motsi da kansu idan sun tsufa. Dala 60 aka sa wa wasan lokacin da ya fito, farashinsa a sidi kuwa yana bin canji, kuma katin yana da amfanin cewa ana iya sayar da shi ko a yi musaya bayan an gama.

Masu shago za su iya nuna maka na biyunsa, Tears of the Kingdom, wanda ya fito ranar 12 ga Mayu, 2023, su ce ya fi girma. Gaskiya ne ya ƙara tsibirai a sama da wata duniya mai duhu a ƙarƙashin ƙasa, ya kuma ba da labarin Rauru, sarkin da ya kafa masarautar, da ƙabilar Zonai waɗanda a wasan farko kufansu kawai ake gani a Faron. Sai dai ya kwashe hasumiyoyin Sheikah da injunan nan kusan gaba ɗaya ba tare da cikakken bayani ba, kuma yawancin daɗinsa yana ga ganin yadda Hateno da Tarrey da Kakariko suka canza bayan wasu shekaru. Wanda kuɗinsa na guda ɗaya ne, ya fara da na 2017.