Wata uku muna zaryar gashin baya da ɗan autana

Tun kafin azumi na lura ɗan autana, mai shekara 15, yana tafiya a karkace kamar wanda ya ɗauko bokiti a hannu ɗaya. Na ɗauka yangar samari ce, har faɗa na yi masa. Sai ran da na ga ya kasa ruku'u, ya tsaya ƙiƙam yana cizon leɓe, hankalina ya tashi. Ya ce, "Umma, ba bayan kaɗai ba ne, abin yana sauka ta bayan cinya har sha-raɓa, kamar shokin ɗin lantarki."

Maƙwabta suka yi ta kawo shawara, wannan ta ce mai ɗori, waccan ta ce ƙaho. Ni kuma na sayo bel ɗin baya a kemis. Sati biyu yana ɗaure da shi cikin zafin Kano, ƙuraje kawai ya tsira da su.

Babansu ne ya ce a tafi Asibitin Ƙashi na Dala. Hoton ƙashi ya nuna gadon bayan ya lanƙwashe, ni har na fara hawaye. Likita ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankali, karkacewa iri biyu ce." Akwai ta asali, wadda ta fi bayyana daga shekara 10 zuwa ƙarshen girma, ana kiranta haka in lanƙwasar ta kai digiri 10 a hoto. Galibi ba ta da ciwo sosai, ta fi tsananta ga 'yan mata, kuma in yaro ya sunkuya sai a ga haƙarƙarin gefe ɗaya ya yi tudu. Nasa kuwa ciwo ne a gaba, kuma in ya kwanta lanƙwasar tana raguwa. Aka tura mu hoton MRI, domin hoton ƙashi ba ya nuna guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa. Nan aka ga na tsakanin ƙashi na 4 da na 5 a ƙugu ya bultso ya danne jijiya. Ashe gudun ciwo ne ya sa jikin ya karkata.

Saboda nisa, muka zaɓi wani wurin gashi mai zaman kansa kusa da unguwarmu, sau biyu a sati. Shi nake son yi wa sharhi.

Mai gashin da ya fara karɓar mu ya san aikinsa. Ya kwantar da yaron rigingine, ya ɗaga ƙafar a miƙe, ko rabin hanya ba ta kai ba yaron ya yi ƙara. Ya rubuta inda ta tsaya, duk sati biyu ya sake gwadawa, ni ma ina ganin ci gaban da idona. Ya koya masa kwanciya rub da ciki yana ɗago ƙirji a hankali, da motsin ƙarfafa naman ciki, da yadda zai durƙusa ya ɗauki abu maimakon ya sunkuya. Da ya ji yaron ne ke hawa da jarkar ruwa bene, sai ya ce, "Mama, lita 25 fa kilo 25 ce." Kunya ta kama ni, don ni ke aikensa. Ya kuma gaya mana gaskiya cewa a wasu matasan gashi ba ya wadatarwa, sai an kai ga tiyata, kuma in fitsari ko bayan gida ya ƙi riƙuwa, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta fara jan ƙasa, mu nufi asibiti ko da tsakar dare ne.

Inda suka gaza mini shi ne ranakun da ba ya nan. Sai a ɗora yaron ƙarƙashin fitilar zafi, a manna masa na'urar da ke tsikarar fata, minti 20 a ce an gama, kuɗin kuma ɗaya ne. Daɗin na ɗan lokaci ne, kafin Adaidaita Sahu ta kai mu gida ramukan titi sun zubar da shi. Sau uku muka tarar ba wuta ba man janareta. Wata ma'aikaciya ma ta so ta sayar mana da wani bel ɗin, na ce mata muna da ɗaya a ƙasan akwati.

A ganina motsa jikin da ake koyarwa shi ne abin biyan kuɗi. Duk mai zuwa ya tambayi ranar da babban mai gashin yake nan, kuma kada ya fara sai likita ya tantance wace irin karkacewa ce.

Yanzu yaron yana ruku'u, kafaɗunsa sun kusa daidaita. Zaman bencin makaranta ne har yau ke tayar masa da ciwon, malaminsu ya yarje masa ya riƙa miƙewa tsaye a bayan aji. Ƙwallo sai likita ya sake dubawa wata mai zuwa. Ruwa kuwa, mai garuwa muke biya ya hau da shi.