Mai sa ƙaiƙayin dare daban, macijin ciki daban

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kin ce 'yarki mai shekara biyar tana sosa duburarta da daddare har barci ya gagare ta, kin ba ta maganin tsutsa sau ɗaya ta samu sauƙi, bayan wata guda abin ya dawo, an kai bayan gidanta gwaji an ce babu komai. Kin kuma tambaya ko irin tsutsar da ɗan maƙwabciyarki ya amayar ce, doguwa kamar taliya. Allah ya ba ta lafiya. Ba irin tsutsar ba ce. Ƙwayar magani ɗaya na iya kashe su duka biyun, amma yadda ake shan ta ya bambanta, kuma a nan ne aka samu kuskure.

Ta ɗan maƙwabciyarki ita ce macijin ciki, Ascaris a bakin likitoci. Tsawonta kan kai santimita 15 zuwa 35, tana zaune a ƙaramin hanji, macen kuma na iya zuba ƙwai kusan 200,000 a rana, shi ya sa gwajin bayan gida ba ya cika rasa ta. Ƙwan nan sai ya yi makonni a ƙasa mai danshi kafin ya iya kama mutum. Ke nan ba daga hannun yaro zuwa bakin ɗan'uwansa take bi kai tsaye ba, sai ta ƙasa: yaron da ya yi wasa inda ake kashi a fili, ko latas da kabeji da karas na lambu da ba a wanke sosai ba. Sau da yawa ba ta nuna alama, wani lokaci ciwon ciki, rashin cin abinci da ramewa. Haɗarinta idan ta yi yawa ta dunƙule ta toshe hanji. Yaron da cikinsa ya kumbura, yana ta amai, ba kashi ba tusa, ba na kemis ba ne. A wuce da shi asibitin Shika ko na Gambo Sawaba da ke Zariya nan take.

Wadda alamun 'yarki suka fi nunawa ita ce 'yar farar tsutsar nan mai kama da guntun zaren ɗinki, Enterobius, wadda macenta ba ta wuce milimita 8 zuwa 13 ba. A babban hanji take zama. Idan yaro ya yi barci sai ta fito bakin dubura ta manna ƙwai a fata, abin da ke kawo ƙaiƙayin ke nan. Tunda a waje take ajiye ƙwan, ba cikin kashi ba, gwajin da aka yi miki bai yi ƙarya ba, ba a nemi abin a inda yake ba ne kawai. Ki haska wurin da tocila awa biyu ko uku bayan ta yi barci, kina iya ganinta tana motsi. Ko kuma da asuba, kafin tsarki da wanka, ki manna farin salatif a bakin duburar ki ciro, ki liƙa shi a ɗan gilashin da ɗakin gwaji za su ba ki. A yi haka safiya uku a jere.

Ƙwanta ba ya jiran ƙasa, cikin awa huɗu zuwa shida ya nuna. Yarinya ta sosa, ya maƙale a farce, ta sa hannu a kwanon tuwon da take ci da ƙannenta, an gama. Yana kuma rayuwa mako biyu zuwa uku a zanin gado, tabarma, wando, fo da buta. Don haka ba shaidar ƙazantar gida ba ce, ana samunta a gidan da ake shara sau uku a rana. Ba kuma shan zaƙi ke kawo ta ba, kyanwa da awakin gida ma babu ruwansu, jikin ɗan'adam kaɗai take rayuwa. Gidaje da yawa sukan ce ɗankanoma ne ko basir, a yi ta jiƙe-jiƙe da tura abubuwa a duburar yaro, wurin ya ƙara ɗaɗewa, tsutsa tana nan abinta. A 'ya mace takan ma ɓace hanya ta shiga gaba, ta kawo ƙaiƙayi da ɗan ruwa, a ɗauka sanyi ne.

Ga macijin ciki, albendazole, wato Zentel da ire-irensa, miligiram 400 sau ɗaya yakan wadatar. Ɗan wata 12 zuwa 23 rabin haka, 200. Wanda yake da ita shi ake ba. Ga mai ƙaiƙayin dare kuwa, albendazole 400 ko mebendazole, wato Vermox, miligiram 100, sannan dole a maimaita bayan kwana 14, domin tsutsar kawai maganin yake kashewa, ba ya taɓa ƙwai. Kuma kowa a gidan zai sha rana ɗaya, har Alhaji, har wanda ya ce shi ba ya jin komai. Ke kin ba mutum ɗaya, sau ɗaya. Ƙwan da ya rage ya ƙyanƙyashe, ya girma cikin kusan wata guda, daidai lokacin da kika ga ya dawo. Mai ciki, musamman watanni ukun farko, da yaron da bai kai shekara biyu ba, sai likita ya gan su tukuna.

Ranar da aka sha maganin a yanke wa kowa farce, a kwashe zannuwan gado da wanduna a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Kada a kakkaɓe su a cikin ɗaki, ƙwan ba shi da nauyi, yana tashi da ƙura. Wankan safe ya fi na yamma amfani a nan, shi ke ɗauke ƙwan da aka zuba cikin dare, kuma kowa da tawul ɗinsa. Ta riƙa kwana da wando mai ɗan kama jiki, a canza kullum har mako biyun su cika. Wanke hannu bayan tsarki da sabulu ne, ruwan buta kaɗai ba ya fitar da abin da ke ƙarƙashin farce.

Akwai wasu biyu da ake haɗawa da waɗannan. Tsutsa mai ƙugiya ta tafin ƙafa take shiga idan ana yawo ba takalmi a ƙasa mai laima, tana shan jini a hanji. Yaron zai yi fari fat, ga kasala, wani har cin ƙasa. Shi bayan albendazole yana buƙatar a auna jininsa a ba shi maganin ƙarin jini. Tsila kuma daga naman shanun da bai gasu ba take zuwa, irin tsiren da aka ciro da ja a tsakiya, ana ganin gutsattsarinta masu faɗi a kashi ko a wando. Ita ƙwayar Zentel ɗaya ba abin dogaro ba ce, praziquantel ake bayarwa gwargwadon nauyin jiki, don haka sai an ɗora yaron a sikeli kafin a rubuta.